Lauya mai son digiri na biyu a fannin shari'a (LL.M) a Najeriya: me jami'a ke nema?

Wane digiri ake so mutum ya zo da shi?

LL.B, wato digirin farko a fannin shari'a, daga jami'ar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta amince da ita. Yawancin jami'o'i, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, suna neman aƙalla digiri mai daraja ta biyu ta ƙasa (2:2). Mai daraja ta uku kan fara da difloma ta gaba da digiri, in jami'ar na bayarwa, sannan ya sake nema.

Shekarun da na yi ina shiga kotu ba za su cike giɓin maki ba?

A nan manyan lauyoyi da dama ke yin tuntuɓe. Kwamitin ɗaukar ɗalibai takarda yake dubawa kafin komai. Wanda ya shekara goma sha biyar yana kare masu ƙara, amma digirinsa bai kai ba, sau da yawa sabon lauya mai daraja ta biyu ta sama (2:1) zai riga shi samun gurbi. Gogewa tana amfani wajen zaɓen batun bincike mai ma'ana, da kuma a shirye-shiryen da aka tsara don ma'aikata, masu darasi a ƙarshen mako.

Sai da takardar Makarantar Horas da Lauyoyi?

Jami'o'i da yawa na neman shaidar BL, wato takardar kammala wannan makaranta. Ko ka yi karatun a harabarta ta Bwari da ke Abuja ko ta Bagauda da ke Kano, duk ɗaya ne. A tuna kuma, LL.M ba ya ba mutum izinin tsayawa gaban alƙali. Wannan sai wanda aka rantsar, aka sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli.

Sauran takardu fa?

Shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa, kiredit biyar na sakandare har da Turanci, da wasiƙun shaida daga mutum biyu ko uku, zai fi kyau a samu tsohon malaminka a ciki.

Me ya fi ɓata wa masu nema lokaci?

Cikakkiyar takardar makin jarrabawa. Tsohuwar jami'arka ce za ta aika ta kai tsaye zuwa makarantar karatun gaba da digiri, kuma hakan kan ɗauki watanni, don haka a nema tun kafin a fara sayar da fom. Sai bambancin suna: Muhammad a WAEC, Mohammed a digiri. A je kotu a yi takardar rantsuwa kafin ranar tantancewa.