Ƙofar da ba a gani a jikin na'urar auna ruwan sama

A harabar wata makaranta da ke yankin da nake aikin malamin gona, ba nisa da fadamar Argungu, akwai wani dogon ƙarfe da aka kewaye da waya. A kansa akwai farantin sola, da 'yan kofuna uku masu juyawa idan iska ta kaɗa, da wani mazurari mai tarar ruwan sama. Yara na kiransa "mai duban hadari". A ƙarƙashin mazurarin akwai ɗan cokali mai baki biyu da ke rinjaya kamar sikeli: gefe ɗaya ya cika ya tuntsure, ɗayan ya karɓa. A yawancin irin waɗannan na'urori, duk tuntsurewa ɗaya milimita 0.2 ke nan na ruwa. Akwatin da ke ɗaure a jikin ƙarfen shi ke ƙirgawa, ya tura lissafin ta layin waya zuwa kwamfutar da ke birni, ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Da bazarar bana na je share ta kafin ruwa ya sauka. Na tarar zanzaro ya yi gini a maƙogwaron mazurarin, tsuntsaye sun ɓata farantin sola. Wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne da maigadi ya kawo makulli muka buɗe akwatin. A bayan murfin an manna takarda, rana da zafi sun kusa cinye rubutun, amma ana iya karantawa: suna "admin", lambar sirri 1234. Na gwada da wayata, nan take na shiga har wurin da ake sauya saitin na'urar.

Na ce, "Baba, tun yaushe aka kafa ta?"

Ya ce, "Malam, an fi damina huɗu. Kuma ban da kai, ban ga wanda ya taɓa buɗe ta ba."

Dattijon nan ya riƙe amanarsa, ko ƙusa ba a taɓa cirewa ba. Sai dai na'urar tana da wata ƙofa da ba ya gani, wadda ake shiga ta intanet, kuma wannan a sake take tun ranar da aka kafa ta.

A cikin kowace irin wannan na'ura akwai manhajar da kamfani ya dasa mata tun daga masana'anta. Ita ke gaya mata yadda za ta ƙirga, da inda za ta tura, da wanda za ta yarda ya ba ta umarni. Mutane ne suka rubuta ta, ɗan Adam kuwa ajizi ne, ana samun kuskure a ciki. Idan an gano, kamfani kan fitar da gyara, amma a na'urori da yawa gyaran ba ya shiga da kansa, sai wani ya zauna ya ɗora shi. A shekarar 2025 masu bincike sun gano irin wannan ɓaraka a Meteobridge, wata 'yar na'ura ta kamfanin Smartbedded na ƙasar Jamus da ke haɗa tashoshin auna yanayi da intanet. Ɓarakar na ba mutum damar juya na'urar yadda ya ga dama daga nesa, ko da bai san kalmar sirri ba. Kamfanin ya fitar da gyara a watan Mayu. Amma a watan Oktoba hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sanya ta cikin jerin ɓarakokin da aka tabbatar masu kutse na amfani da su. Wato magani na nan, waɗanda ba su sha ba su ne suka kwana a ciki.

Wani zai ce, me ɓarawon intanet zai yi da lissafin ruwan Argungu? Sau da yawa ba lissafin yake so ba, na'urar yake so ta zama baiwarsa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda ake fitowa da su daga kamfani. Da wannan kaɗai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin haɗa intanet, aka yi amfani da su a watan Oktoban shekarar wajen kai harin da ya hana mutane da dama a Amurka shiga Twitter da Netflix. Irin wannan lalube ba ya tambayar gari ko ƙauye. In ya kama tamu, datar da aka saya ta wata guda za ta iya ƙarewa cikin kwanaki, batir ya yi sanyi, na'ura ta yi shiru a tsakiyar Agusta, lokacin da masu shinkafa a bakin gulbi suka fi bukatar sanin abin da ya zuba. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san abin da nake nufi.

Shirun ma da sauƙi, domin ana lura da shi. Abin da na fi tsoro shi ne na'ura ta ci gaba da magana amma tana faɗin ƙarya. Da wannan lissafi muke ce wa manomi ƙasa ta jiƙa, ya yi shuka, ko ya dakata kada iri ya ƙone. Da shi muke duba yadda daminar garinmu ke tafiya idan an kwatanta da hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara. Akwai kuma nau'in inshorar noma da ake biyan diyya bisa yawan ruwan da aka auna, ba sai an zo an ga gona ba. Inda kuɗi ya shiga kuwa, mai son zuciya ba ya rasuwa. A 2024 an yanke wa wasu manoma biyu a jihar Kolorado ta Amurka hukunci bayan sun amsa laifin lalata ma'aunan ruwan sama don a ɗauka an yi fari, kuma sun amince su biya sama da dala miliyan 6.5. Su sai da suka taka suka je wurin. Mai shiga ta ɓarakar manhaja ba ya barin sawu a ƙasa.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin manoma, da shugabannin makarantu, da abokan aikina da aka damƙa wa irin wannan na'ura: ranar da za a miƙa muku ita, kada ku sa hannu sai an canza kalmar sirrin kamfani a gabanku, a sa doguwa mai haɗe da haruffa da lambobi. Kada a manna ta a jikin akwati, kada a tura ta a zauren WhatsApp. Ku tambayi masu kafawa, a rubuce, wa ke da alhakin ɗora gyaran manhaja, sau nawa a shekara, kuma wa zai ci gaba bayan wa'adin shirinsu ya ƙare. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi yawan rasa amsa, kuma ita ta fi damuna. Ku nemi injiniya ya rufe hanyar shiga saitin na'urar daga nesa idan ba a bukatarta. Wanda ya zo da filashi ya ce an turo shi gyara, a kira ofishin da ya kafa ta a tabbatar kafin a ba shi makulli.

Tamu dai an canza mata kalmar sirri, mutum biyu ne kawai suka san ta, na kuma rubuta takardar neman a duba manhajarta. A gefenta na kafa ma'aunin hannu na roba mai layin milimita, na ba Baba maigadi littafi da biro. Duk safiyar da aka kwana da ruwa yana rubuta abin da ya gani, ni kuma ranar Litinin in zo mu kwatanta da abin da na'ura ta tura.