Sanin dangin shuka kafin a sauya ta a garka

A noman ranin da ya wuce na ziyarci wata garka a gefen Galmi, inda wani dattijo ya kai ni fangalin yalonsa, ya nuna mini yadda ganye ke yanƙwanewa alhali ƙasa na da danshi. Ya ce, "Malam, kun ce mu riƙa sauya shuka, na kuwa sauya: bara waccan tumatir, bara tattasai, bana yalo, amma ciwon bai bar wurin ba." Na tsinko furen yalo, na aiki jikansa ya samo na tumatir a garkar maƙwabci, na ɗora su a tafin hannunsa. Kowanne a baje yake kamar tauraro, da ɗan tsini rawaya a tsakiya. Na ce masa, "Baba, suna kawai kuka sauya, amma duka ukun ƴan gida ɗaya ne."

Masana halittu suna jera abubuwa masu rai kamar yadda muke jera dangi. Jinsuna masu kusanci su ne ɗaki ɗaya, ɗakuna su haɗu su zama gida, gidaje su zama zuriya, har a kai ga manyan rassa irin su tsirrai da dabbobi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya kafa tsarin ba kowace shuka suna mai kalma biyu a 1753, ta farko sunan ɗaki, ta biyu sunan jinsin. Albasarmu ta Galmi Allium cepa ce, tafarnuwa kuma Allium sativum, don haka ko daga sunan an san shaƙiƙai ne. Linnaeus da fure ya fi dogara, domin ganye da tsawo suna sauyawa da ruwa da taki, shi kuwa ginin fure ba ya saurin sauyawa. Bayan bayanin da Charles Darwin, wani masani ɗan Ingila, ya yi a 1859 kan yadda jinsuna daban-daban ke fitowa daga tushe ɗaya, masana suka ɗauki wannan kama a matsayin shaidar kaka ɗaya, kuma a yau suna gwada ƙwayoyin gado, wato DNA: gwargwadon yadda na shuka biyu suka dace, gwargwadon kusancin lokacin da suka rabu.

Wannan gwaji ya gyara kurakurai da dama. An daɗe ana ware tumatir a ɗakinsa shi kaɗai, sai binciken shekarun 1990 ya maido shi ɗakin Solanum tare da yalo da dankalin turawa. Abin da ya fi burge ni shi ne kuka. Wa zai kalli wannan ƙatuwar itaciya ya ce ƴar'uwar kuɓewa ce? Amma masana sun sa ta gida ɗaya da kuɓewa, da lalo, da rama, da yakuwa, da auduga, kuma duk macen da ta kaɗa miyar kuka, da ta kuɓewa, da ta lalo, ta riga ta ga yauƙin da ya haɗa su a tukunyarta. Haka gawo, wanda manoman Adar suka san hatsi ya fi kyau a ƙarƙashinsa, gidansu ɗaya da wake da gyaɗa, gidan da saiwoyinsa ke zama da wasu ƙananan halittu masu jawo taki daga iska. Suna kuma yana yaudara: dankalin Hausa ba gidansu ɗaya da dankalin turawa ba, ɗan'uwansa na kusa shi ne duman kada da ke yaɗo a bakin tafki.

Dalilin da ya sa na damu da wannan magana shi ne, ciwo da ƙwari sukan bi gida ne. Tsutsar tumatir ɗin nan mai huda ganye, Tuta absoluta, wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta shiga Sifaniya a 2006 kafin ta iso mana, idan ta rasa tumatir tana iya zama a kan yalo da dankalin turawa. Ciwon da ke sa shuka yanƙwanewa yana kwana cikin ƙasa shekaru yana jiran ɗan wannan gida. Wanda ya cire albasa saboda ciwon jan saiwa ya dasa tafarnuwa, shi ma bai raba ciwon da abincinsa ba.

Shawarata ga masu garka ita ce, a bar fangalin da aka yi tumatir, ko tattasai, ko tonka, ko yalo, ya yi kamar shekara uku ba a mayar masa da ko ɗaya cikinsu ba, a sa albasa ko masara ko wake a tsakani. A tuge ragowar tsohuwar shuka a ƙone, kada a bar ta a gefen rijiya. Idan kuma an kawo muku sabon iri da ba ku san gidansa ba, ku tsinko furensa da ganyensa ku kai wa malamin gona mafi kusa kafin ku yanke inda za ku dasa shi.