Kyamarar DSLR

Kyamarar DSLR na'urar ɗaukar hoto ce ta dijital mai madubi a ciki, wadda ake iya kwance gilashinta na gaba a ɗaura wani. Madubin yana jingine a karkace bayan gilashin, yana tura haske sama zuwa ramin da mai hoto ke leƙawa, saboda haka abin da idonsa ya gani shi ne ainihin abin da zai shiga hoton. Da an latsa maɓalli sai madubin ya ɗaga, haske ya sauka kan sensa, wato ɗan farantin da ke mayar da haske hoto, sannan madubin ya koma mazauninsa. Ƙaramar kyamarar aljihu ba ta da wannan madubi, gilashinta kuma ba ya fita.

Tarihi

Tsarin madubin ya girmi zamanin dijital nesa ba kusa ba. A 1949 aka fitar da Contax S a Jamus ta Gabas, ɗaya daga cikin na farko da ke nuna wa mai leƙawa hoto a miƙe, ba a juye ba. Kamfanin Asahi na Japan ya fitar da Asahiflex a 1952, bayan shekara biyu kuma ya kawo wadda madubinta ke komawa nan take da kansa. Nikon F ta 1959 ce ta kai irin wannan kyamara hannun 'yan jarida a duniya.

Steven Sasson, injiniya a Kodak, ya haɗa kyamarar dijital ta gwaji a 1975, amma sai 1991 kamfanin ya sayar da DCS, wadda aka gina a jikin Nikon F3. Megafiksel 1.3 kacal take ɗauka (megafiksel ɗaya ɗigon hoto miliyan ɗaya ne), ma'ajiyar hotunanta kuma akwati ce daban da ake rataya a kafaɗa. Nikon D1 ta biyo baya a 1999. Wadda ta buɗe wa talaka ƙofa ita ce Canon EOS 300D ta 2003, domin ta shigo kasuwa a ƙasa da dala 1,000. A 2008 Nikon D90 ta fara ɗaukar bidiyo, Canon 5D Mark II ta bi sahu a wannan shekarar, kuma masu shirya fina-finai a Najeriya sun rungumi ta biyun sosai.

Legas kuwa ta daɗe da sanin sana'ar ɗaukar hoto. George Da Costa ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a birnin a wajajen 1895. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya shafe shekaru tun daga wajajen 1968 yana ɗaukar kitson matan Najeriya da kyamarar fim, aikin da har yau ake koyar da shi.

Bambanci da ƙaramar kyamara

Babban bambancin yana ga girman sensa, ba yawan megafiksel da ake rubutawa a kwali ba. Sensar galibin kyamarorin aljihu tana kusan milimita 6 da 4.5. Ta DSLR ta masu farawa tana kusan milimita 23 da 15, wato girman filinta ya ninka sau goma da ɗoriya. Ta ƙwararru milimita 36 da 24 ce. Ana ganin amfanin wannan inda haske ya yi ƙaranci: a zauren walima da dare, ƙaramar kyamara kan fitar da fuskar amarya da tsaki-tsaki, ko ta dogara da filasha mai wanke launin fata, ita kuwa babbar tana riƙe zaren leshi da zanen lalle. Ba ta kuma jinkiri tsakanin latsawa da ɗauka, abin da ke da muhimmanci ga mai ɗaukar yara ko 'yan dambe.

Amma tana da nauyi, ba ta shiga aljihu, kuma kuɗin jikinta somin taɓi ne. Gilashin da ake haɗowa da ita, mai milimita 18 zuwa 55, matsakaici ne; masu yawa kan ƙara da na milimita 50 domin hoton fuska. Wanda zai bar ta a kan saitin da take yi wa kanta bai ci moriyar kuɗinsa ba.

A Legas

Ga Hausawan Agege, Idi-Araba da Mile 12, mai sayen DSLR galibi yana da niyyar sana'a ne: biki, suna, saukar karatu, hoton fasfo. Ana samunta a Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba, da yawa tokumbo, wato na hannu daga ƙasashen waje. Mai saye kan duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin na masu farawa an ƙiyasta za su ɗauki kusan 100,000 kafin su gaji. Yakan kuma kwance gilashin ya haska shi da tocilan: danshin Legas na haifar da fumfuna mai kama da saƙar gizo a ciki, kuma idan ta ci gilashin ba ta goguwa. Shi ya sa ake ajiye kaya a roba mai murfi tare da ƙullin silika mai tsotse danshi.

Halin da ake ciki

Wayar hannu ta cinye kasuwar ƙaramar kyamara. Canon da Nikon sun karkata ga kyamara marar madubi. Manyan DSLR ɗinsu na baya-bayan nan, EOS-1D X Mark III da D6, a 2020 suka fito. Pentax kuwa ba ta daina ƙera DSLR ba. Masu sana'a sun rabu kan ko mai farawa ya sayi DSLR ta hannu saboda arahar gilasanta, ko ya tara kuɗin marar madubi.