Kwarin Furanni na Uttarakhand

Kwarin Furanni yana cikin tsaunukan Himalaya, a gundumar Chamoli ta jihar Uttarakhand, arewacin Indiya. An mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1982, faɗinsa murabba'in kilomita 87.5, a 2005 kuma UNESCO ta haɗa shi da gandun Nanda Devi cikin wuraren gadon duniya. Kogin Pushpawati ne ya ratsa tsakiyarsa, a tudun da ya haura mita 3,300 daga matakin teku. Labarinsa ya bazu a duniya bayan 1931, lokacin da Frank Smythe da abokansa, 'yan Birtaniya masu hawan dutse, suka ɓata hanya suna dawowa daga tsaunin Kamet, suka faɗo cikinsa.

Mota ba ta kaiwa can. Daga garin Govindghat takan kai mutum ƙauyen Pulna, daga nan sai ƙafa: hawa ne na kusan kilomita 10 zuwa Ghangaria, zangon ƙarshe mai masauki. Wannan hanya ba ta rabuwa da jama'a, domin ita mabiya addinin Sikh ke bi zuwa ziyarar wurin ibadarsu na Hemkund Sahib, wasu bisa alfadarai, wasu kuma 'yan dako ne ke goya su cikin kwando. Gaba da Ghangaria kaɗan hanya ta rabu biyu. Wadda ta nufi kwarin siririya ce, alfadari ba ya shiga, kuma ba a kwana a ciki: duk wanda ya shiga da safe sai ya fito kafin yamma.

Dusar ƙanƙara na rufe kwarin mafi yawan shekara, shi ya sa daga Yuni zuwa Oktoba kawai ake buɗe shi. Furannin sun fi cika a Yuli da Agusta, tsakiyar damina ke nan, lokacin santsi da zaftarewar ƙasa. Mai son ganin kwarin a kan ganiyarsa sai ya yarda ruwa ya duke shi, wahalar kuwa ba ta faɗuwa banza: tsirrai masu fure sun haura iri 500, kuma launin kwarin kan sauya cikin 'yan makonni, wani fure na yaushi wani na buɗewa.

Tun da aka kafa gandun aka hana makiyaya kiwo a ciki. Masana na saɓani a kan wannan hani, domin wasunsu na ganin rashin tumaki da awaki ne ya ba wata doguwar ciyawa mai saurin yaɗo damar danne ƙananan furanni, har ma'aikatan gandun kan bi suna tuge ta da hannu.