Jinya Ba Ta Mutum Ɗaya Ba Ce

A yawancin gidajenmu na Kebbi, idan tsoho ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, ko aka haifi yaro mai sikila, ba a zama a yanke wanda zai yi jinya. Wayar gari kawai ake yi a ga ta faɗa kan mutum ɗaya, kuma kusan kullum mace ce: 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ƙaramin ɗa da ke zaune da surukai, ko uwargidan da ita ma shekaru sun ja. A aikina na jami'ar lafiya a matakin farko, su nake gani a layi riƙe da katin asibiti, kuma sunan da ke jikin katin ba nasu ba ne.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mata ke yin kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da wasu wanda ba a biya. Sai dai namu ya fi nauyi, don ko an ba mara lafiya gado a Birnin Kebbi, ko an tura shi Sakkwato, mai jinya ce ke sayo magani, ta karɓo sakamakon gwaji, ta wanke kaya, ta kwana a tabarma cikin sauro.

Mu ɗauki mai shanyewar jiki da ba ya iya motsi. Ƙa'ida ita ce a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya fito masa a kwankwaso da ƙasan baya da dunduniya. Sau 12 ke nan a kwana ɗaya, ban da wanka, ciyarwa da kai shi bayan gida. Baligi kuwa yana buƙatar barcin aƙalla awa 7. Ku lissafa da kanku. Mace ɗaya ba za ta haɗa biyun ba: ko ta bar barci jikinta ya karye, ko barci ya sace ta Baba ya yi gyambo, washegari dangi su ce ta yi sakaci. Gyambon nan kuma idan ya zurfafa yana kai wa ga ƙashi, yana iya zama ajali.

Gajiyar jinya ba ta sallama. Da ciwon kai take farawa, da ciwon baya, da faɗuwar gaba, sai mantuwa ta biyo, a ba da maganin safe sau biyu ko a tsallake na dare. Mai jinya ta aika kemis a sayo mata farasitamol, ta ci gaba. 'Yar'uwa, ranar da kika kawo Baba awon hawan jini, miƙa naki hannun a gwada, minti biyu ne. Hawan jini yana bin dangi, kuma ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. Idan ana samun 140/90 ko sama da haka a gwaji fiye da ɗaya, ke ma kina buƙatar kati. Mai ciki kada ta fasa zuwa awo saboda jinya. Wadda ke kula da mai tarin fuka, idan tari ya kama ta ya kai mako 2, ta je a gwada majinarta, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wajen ɗaga mara lafiya kuma, a shimfiɗa zane a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama gefe da gefe, su lanƙwasa gwiwa maimakon sunkuyar da baya.

Akwai asarar da na'urar awo ba ta nunawa. Matar da ke turara shinkafa ana kai mata kasuwar Jega, ko mai ƙuli-ƙuli da aka san ƙofarta a unguwa, sai ta kashe murhu "har Baba ya samu sauƙi". Ta daina zubin adashi, ta bar Islamiyya, biki da suna ma sai dai ta aika da gaisuwa. Jinyar ta ɗauki shekara biyu ko uku. Ranar da ta ƙare, masu sayen kayanta sun koma wani gida, jarin ya tafi a magani, ƙawaye sun saba da rashinta. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yarinyar da ake cirewa daga makaranta ta zauna da kaka, alhali yayyenta maza suna majalisa a ƙofar gida. Shawarata ita ce kada a rufe sana'a gaba ɗaya. A rage ta, ko da mudu biyar ne a mako, kuma a bar wa mai jinya ranar makarantarta.

Na san abin da za a ce: jinya ibada ce, a yi haƙuri, akwai lada. Gaskiya ne. Amma a cikin Buhari, Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi. Sannan idan ladan ne, me ya sa za a tara wa mutum ɗaya, sauran 'ya'ya ba sa so?

Babban wa ya tara 'yan'uwa a raba kwanaki da sunan kowa, a rubuta. Maza su karɓi wankan mahaifinsu da juya shi da dare, hakan ya fi masa sutura a kan a bar wa suruka. Wanda ke Abuja ko Legas, kuɗin da yake turowa ya haɗa da na wanda zai riƙa karɓar mai jinya, kada ya tsaya a na magani. Masu zuwa dubiya kuma, bayan "ya mai jiki?", a daina zama har sai an dama muku fura. Ce mata, "Yaya, je ki kwanta, ina nan da Baba har la'asar." Ke kuma mai jinya, cire kunya ki faɗi abin da kike so da sunansa: "Ranar Talata a zo a karɓe ni."

Idan kika fara jin haushin mara lafiyar har kina masa tsawa, ba mugunta ba ce, gajiya ce ta kai maƙura, a ranar ki nemi mai karɓarki. Idan baƙin ciki da kuka da rashin cin abinci suka wuce mako 2, ki zo asibiti mafi kusa ki faɗa wa ma'aikacin lafiya, ciwon damuwa yana da magani, kuma in ya yi tsanani akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Wadda ta fara cewa gara ta mutu ta huta, kada a bar ta ita kaɗai, a kawo ta a ranar.