Wai ya aka yi fasaha take tsallaka ƙasashe tun babu mota babu jirgin sama?

Wai mutum ɗaya ne ke ɗauko kaya daga Sin ya kai har Rum?

Da wuya gaskiya. Hannu da hannu ake yi, wannan ayarin ya kawo Samarkand, birni a Uzbekistan ta yanzu, ya sayar, wani ya ɗauka ya ƙara gaba, kowa da ribarsa. Shi ya sa Rumawa suka daɗe suna sa siliki ba su san tsutsa ce ke yin sa ba, wasu ma sun ɗauka a jikin ganyen bishiya ake tsefo shi.

To tun yaushe ake wannan fatauci?

Ya daɗe fa. Akwai jirgin ruwan da ya nutse a Uluburun, gaɓar Turkiyya ta yanzu, wajen shekara 1300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da aka tono shi an samu kusan tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza, daidai haɗin da maƙera ke narkawa su fitar da tagulla, ga curin gilashi ga hauren giwa, duk a jirgi ɗaya.

Kwaikwaya kawai suke yi in kayan sun iso?

Ina! Ni nan ne ma abin ya fi burge ni. Girkawa sun karɓi haruffan Finisiyawa, 'yan kasuwar teku na yankin Labanon, guda 22 ne kuma duk baƙaƙe babu wasali, sai suka ɗauki waɗanda sautinsu babu a yarensu suka mai da su wasula. A Gandhara kuma, Pakistan da Afganistan na yau, masu sassaƙa sun riƙa yi wa gumakan Buddha mayafi mai ninki-ninki irin na Girkawa. Ko tangaran ɗin Sin mai shuɗi da fari na ƙarni na 14, sinadarin shuɗin daga Farisa ake kawo shi, su zana, su gasa, su sake sayar wa Gabas ta Tsakiya, har da manyan faranti saboda can tare ake cin abinci.

Ba a ɓoye sirrin sana'a?

Ana ɓoyewa mana, yana dai fita. Wajen shekarar 552 wasu sufaye suka sato ƙwayayen tsutsar siliki suka kai wa sarkin Rumawa Justinian a Kustantiniya, Istanbul ta yanzu. Takarda ma daga Sin ta fito, zuwa ƙarshen ƙarni na 8 ana yin ta a Bagadaza, su kuma da tsummokara suka fi yin tasu maimakon ɓawon itace.