Gano Matsalar Haɗin Intanet a Kwamfutar Gida

Gano matsalar haɗin intanet shi ne bin diddigin hanyar da bayanai ke bi daga kwamfuta zuwa waje, har a san inda ta yanke. Hanyar tana da gaɓoɓi huɗu: kwamfutar kanta, kebul ko Wi-Fi, rauta (na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida), sai kamfanin da ke ba da sabis. Masu gyara sukan fara da gaɓar da ta fi kusa, kuma hakan ne daidai, domin sau da yawa ana ɗora wa kamfani laifi alhali matsalar tana cikin ɗaki.

Tambayar farko ita ce ko sauran na'urorin gidan suna samun intanet. Idan waya na buɗe shafuka ta rauta ɗaya, to kwamfutar ce ke da matsala. Idan duk sun tsaya, sai a duba fitilun rauta, a tabbatar data ba ta ƙare ba, a kashe na'urar na ɗan lokaci a sake kunnawa.

Alamar Wi-Fi tana ruɗin mutane ƙwarai. Cikarta na nufin kwamfuta tana jin rauta, ba ta ba da tabbacin cewa rautar ta isa intanet ba. A nan adireshin IP, lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan hanyar sadarwa, ke da amfani. A Windows, umarnin ipconfig yana nuna shi. Adireshin gida yakan fara da 192.168, amma idan aka ga wanda ya fara da 169.254, kwamfutar ce ta ba kanta saboda rauta ba ta ba ta ba, wato tsarin DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, bai yi aiki ba.

Daga nan sai ping, manhajar da Mike Muuss ya rubuta a 1983, wadda ke aika ɗan saƙo ta jira amsa. Akan gwada rauta tukuna, sannan adireshin 8.8.8.8 na Google. Idan lambar ta amsa amma shafuka ba sa buɗuwa da sunayensu, matsalar tana DNS, tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba, kuma sauya shi zuwa 1.1.1.1 na Cloudflare kan warware ta.

Jan jiki kuwa yana da nasa dalilan. Zangon Wi-Fi na 2.4 GHz ya fi ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa, na 5 GHz ya fi sauri sai dai ba ya nisa. Kebul na Ethernet, mai haɗa kwamfuta da rauta, bai kamata ya wuce mita 100 ba.

Akwai matsalar da ta fi ƙarfin mai gida. A watan Maris na 2024, lalacewar wasu kebul na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, ta kawo tsaiko a Najeriya, Ghana da Kwaddibuwa har na kwanaki, sai da kamfanoni suka karkatar da sabis ta wasu layukan.